Filin 'Yan Mata: Ina Umma a Hoton Motar Baba?

Na san wasunku da ganin kan maganar nan za su taɓe baki su ce, "To fa! Yau kuma Anti zancen mota za ta yi mana? Sai ka ce wasu 'yan kamasho?" Ku dai yi haƙuri ku biyo ni a hankali, domin zancen na cikin gida ne, kuma ya shafe ku fiye da yadda kuke zato.

Aiki zan fara ba ku. Kowacce ta lallaɓi Umma ta ɗauko mata tsohon albam ɗin nan da ke can ƙasan akwati, wanda ba a fito da shi sai an yi baƙi na nesa. Ki bi shi shafi-shafi. In dai an taɓa yin mota a gidanku da wuya ki rasa hoto irin wannan: ga mota an wanke ta tas tana ɗaukar ido a ƙofar gida. Ga Baba da ƙuruciyarsa, suma ta cika kai, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ya dafa ƙofar gaba, makulli a hannu yadda kowa zai gani. Ga amininsa a ɗaya gefen ya harɗe kamar da kuɗinsa a ciki. Ga yara an jera a kan bonet, babban yaya ya murtuke fuska saboda rana ta haske masa ido. Har ɗan maƙwabta da ba wanda ya gayyace shi ya leƙo da rabin kai. Na san ga da yawanku 'yan yanzu mai sumar nan ba Baba ba ne, Kaka ne, yaron da ke kan bonet ɗin shi ne Babanku. Ba komai, tambayar ɗaya ce. Ki ƙirga mutanen da ke cikin hoton tsaf, sannan ki gaya mini, ina matar gidan? Ina Umma?

A yawancin albam ɗin da na taɓa gani, babu ita. Ba lallai ne a ce raina ta aka yi ba. Mota a waje take kwana, ƙofar gida kuwa wurin maza ne, matar aure ba za ta fito titi ta tsaya gaban mai hoto jama'ar unguwa suna kallo ba. Ita a lokacin tana ciki tana fama da tukunya, domin ranar ai sai an ciyar da masu zuwa Allah-sanya-alheri. Iyakarta ta ɗaga labulen zaure ta leƙa ta ga motar, ta koma. Sai dai kuma wannan rashin nata a hoto shi ya sa 'ya'ya suka tashi ba su san komai ba sai "motar Baba", alhali in kika bi diddigi, ba kowace mota ce ta Baba shi kaɗai ba.

Bari in ɗan koma da ku baya, ku ji yadda motar farko ta shigo gidaje irin namu. A 1974 ne kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa a kan albashin ma'aikata, da shigowar 1975 kuma aka soma biyan ƙarin, har da na watannin baya a dunƙule. Lokaci ne da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin asibiti, waɗanda da can burinsu bai wuce keke ko babur ba, suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba, ga kuma bashin mota da ake bai wa ma'aikacin da ya kai wani matsayi. Wasu suka ƙara aure (wannan kam zancen wata rana ne), wasu suka sayi rediyo da firji, wasu suka doshi mota.

A cikin wannan shekara ta 1975 ce kamfanin Peugeot, wato Fijo a bakinmu, ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, shi ma Volkswagen ya buɗe tasa a Ojo ta Legas. Abin da zai ba ku mamaki, a shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso kayan Fijon daga birnin Liyon na Faransa, a sauke a filin jirgin Kano, sannan a loda wa manyan motoci zuwa Kaduna a ɗaura. Ke nan motar da kakanki yake taƙama da ita, gunduwa-gunduwa ta shigo ta Kano. Ita 504 ɗin, wadda ta fi kowacce cika hotunan nan, a 1968 ta fara fitowa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci tseren Safari a Kenya, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu. Ba mamaki ta dace da hanyoyinmu. Tana da tsayi daga ƙasa, rami ba ya ba ta tsoro, injinta kuma ba shi da sarƙaƙiya, duk bakaniken da ke gindin bishiya ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. A Faransa tun 1983 aka daina ƙera ta ɗaukar iyali, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000.

Wani abin da ya ƙara mata kwarjini, bayan an kashe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu, 1976 a cikin baƙar Marsandinsa, wadda aka ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta, gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da Fijo motar hukuma. Kin ga ke nan malamin makarantar da ya sayi 504 irin motar kwamishina yake hawa. Yaya ba zai kira mai hoto ba?

Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba sai ya sayi Volkswagen Beetle, 'yar dunƙulalliyar nan da Yarabawa suka sa wa suna Ijapa, wato kunkuru. Ita komai nata a juye yake: inji a baya, wurin kaya a gaba, ba ta shan ruwa kamar sauran, iska ce ke sanyaya mata inji. Har barkwanci ake yi a kan wanda ya saya, ya buɗe gaba, ya ɗora hannu a ka wai an sace masa inji. Ƙofa biyu gare ta, saboda haka duk matar da za ta shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba ta sunkuya, da goyo da mayafi da komai. Ki tambayi Hajiya kaka wannan, ki sha dariya. Sama da miliyan 21 aka ƙera a duniya kafin a yi ta ƙarshe a Meziko a 2003.

To yanzu ga inda Umma ta shigo. Bashin mota ba ya isa ya biya mota da lamba da inshora da komai, kuma daga ranar da aka karɓa ake fara yankarsa a albashi duk wata. Wa kike zaton ya toshe gurbin da yankan nan ya bari a cefane? Matar da ke cikin gida ce, mai ɗinkin hula, mai saƙa, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai alala da dambun da yara ke kai wa makaranta. Wata kwasar adashinta ce ta cika kuɗin. Wata ta haƙura da ɗinkin Sallah. Kuma sayen ma shi ne mai sauƙi, riƙon shi ne aiki. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai dai 'yar Kwatano wadda Turawa suka gama yayi. Wanda ke da tsohuwa sai ya rungume abarsa. A waɗannan shekarun, batir da taya da fulogi da kuɗin mai da yawa daga ƙasan filon mata suka fito, kuma ba a rubuta a ko'ina ba. Takardun mota sunan mutum ɗaya suke ɗauka.

Mu a gidanmu fara ce, 504, kuma har gobe in na rufe ido ina jin ƙamshinta: fetur da ledar kujera da turaren Baba a cakuɗe. Da rana kujerar nan takan ɗauki zafi har ta ƙona cinya, sai an shimfiɗa zani. Da Sallah mu takwas muke shiga zuwa ƙauye, rigimar wa zai zauna bakin taga tun daga ɗaki ake fara ta. Babban yayanmu a gaba kamar wani ƙaramin maigida, Umma a baya a tsakiyarmu, da jaririya a cinya, da jarkar ruwa a ƙafa saboda lagireto, da lemon tsami a jaka saboda mai amai. A dawowa but ɗin ya cika da gero da kabewa da kaji har bayan motar ya zauna. Da sanyin safiyar hunturu kuwa sai ta yi gardama, sai an tara yaran unguwa an tura, ana ihu, in ta tashi kowa ya yi tsalle kamar an ci kofi. A cikinta aka kai Umma asibiti da tsakar dare a haihuwar ƙannena, a cikinta aka kai amaren unguwarmu da ban san adadinsu ba, a cikinta kuma aka je ta'aziyya.

Sai da na girma na yi aure, wata gwaggona ta ɓarar da zancen a hira, cewa shekarar da motar nan ta yi wata huɗu a kan duwatsu babu taya, 'yan kunnen zinaren lefen Umma ne suka tashe ta. Umma ba ta taɓa faɗa ba. Hotunan motar nan guda biyar ne a albam ɗinmu, har da wanda aka ɗauka da ragon layya a gefe. Rago ya samu shiga, mai 'yan kunne ba ta samu ba. Motar kuma an sayar tuni.

Wannan ne ya sa nake muku gaggawa. Ku duba unguwanninku, har yanzu akwai irin motocin nan jefi-jefi, wata a gindin darbejiya taya a sace, wata a gareji an lulluɓe da tamfol kaji suna ƙwai a ƙarƙashi, wata kuwa tsohon yana nan yana lallaɓa ta zuwa masallacin Juma'a, gudun da ko mai keke zai wuce shi. Muddin mai ita yana raye ba ta zuwa ko'ina, ko nawa aka taya sai ya ce ba ta sayarwa ba ce. Amma ranar da ya kwanta dama aka zo rabon gado, ba a raba mota gida goma. 'Yan gwangwan ake kira, su kuwa ba tarihi suke saye ba, ƙarfe suke aunawa. Abin da ya moru a jikinta ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sauran a narke. Kwana ɗaya ya isa. Ki tafi makaranta da safe tana nan, ki dawo ki tarar da shatin mai a ƙasa.

Na san kuna ɗaukar hoto da mota, ba yau na fara ganinku ba. Ranar biki kowacce ta ci kwalliya ta nemi wadda ta fi kowacce sheƙi a layi ta jingina, mai motar ma ba a san shi ba. Ban ce laifi ba ne, kuma ba ku kuka fara ba. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mashahurin mai hoto, Seydou Keita, wato Sa'idu a bakinmu, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Yana ajiye rediyo da agogo da babur don masu zuwa ɗaukar hoto su ara, har da motarsa Peugeot 203. Akwai hotonsa da ya yi suna, mata biyu sun sha ado sun jingina da motar, in kika lura da kyau sai ki hango shi kansa a jikin fentin ya duƙa a bayan kyamara. Ya rasu a 2001, amma hotunansa sun zaga manyan gidajen baje koli na duniya, saboda mutumin ya adana nagatif ɗinsa bai zubar ba. To amma ku lura, kayan aro ba ya rufe katara. Hoton da kika ɗauka da motar baƙo, nan da shekara talatin in 'yarki ta tambaye ki ta wane ne, ba ki da abin cewa. Wanda kika ɗauka da tsohuwar gidanku mai fasasshen madubi kuwa, sai kun kwana kuna hira.

Tun da an zo nan, bari in ɗan ratse. Samari ma ai suna aro. Wanda ya zo zance da motar da ba tasa ba ba shi da wuyar ganewa: yana ta duban agogo, in aka fara yayyafi sai ya kunna sigina yana neman abin share gilashi, in yaro ya matso kusa sai ya zabura kamar an taka shi. Ni a wurina aron ba shi ne abin tsoro ba, ɓoyewar ce. In kina son ki ɗan san halin mutum, tambaye shi abin hawansa na farko, ko da keke ne. Ki saurari yadda zai ba ki labarin, ko zai ambaci wanda ya taimaka masa ya saya, ko kuwa duk shi kaɗai ya yi.

Mu koma kan aikinmu. Wayar da ke hannunki, ko ta yayarki, ta isa. Abu na farko shi ne lokaci. Kada ki ɗauki mota da tsakar rana, domin hasken yakan daki gilashi da fenti ya dawo, ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin, mutanen da ke gefe kuma duk su runtse ido. Ki bari sai da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan la'asar sakaliya, ki sa ranar a bayanki ko a gefenki. Ranar da hazo ya ɗan rufe sama ma tana kyau, haske yakan yi laushi. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki, yawancin hotunan da ke fita dishi-dishi maiƙon hannu ne kawai.

Sai wurin tsayawa. Yawancinmu mukan tsaya a tsaye mu ɗauki mota daga sama, sai ta fito kamar akwatin ashana. Ki koma ta kusurwa, inda za ki ga fuskarta da gefenta a lokaci guda, ki durƙusa har wayar ta zo daidai fitila. Nan take za ki ga tsohuwa ta yi kwarjini. Kada ki matsa kusa sosai, waya takan kumbura abin da ke dab da ita, hancin motar ya yi ƙato bayanta ya tsuke. Gara ki ja da baya taku biyar ko shida. Ki duba abin da ke bayanta kuma, kada falwaya ta tsiro a kan rufin, kada bokitin wanki ya shigo. Amma ƙofar gidanku da bishiyar da take kwana a ƙarƙashi, ki bar su, nasu labarin ne su ma. In kuma ba kya son ki fito a jikin fenti kamar Malam Sa'idu, ki ɗan gusa.

A wanke ta, i, amma kada a ɓoye tabonta. Lanƙwasar nan ta bamba, wani ne ya yi ta ranar da ya saci makulli yana koyon tuƙi, kuma duk gidan an san ko wane ne. Ki ɗauke ta. Ki ɗauki zakin Fijo da ke gaba, da sitiyarin da hannu ya cinye, da giya, musamman in irin ta jikin sitiyari ce kamar ta 404, da rediyo mai kaset, da carbin da ke rataye a madubi, da rubutun da ke gilashin baya. Kuma don Allah ki kashe abubuwan nan na waya masu sauya kala da goge fuska. Tsufan muke so.

Kafin ki buɗe wadda ta daɗe a ajiye, ki sa namiji babba ya duba ciki da sanda, domin maciji da kunama suna son irin wurin nan. In an gama a kulle ta da makulli. Mun sha jin labarin yara da suka shiga yasasshiyar mota wasa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, zafi ya yi musu illa kafin a ankara. Wannan ba abin wasa ba ne, ko ba don hoto ba ki yi wa Baba maganarsa.

Yanzu babban aikin: shigo da Umma. Za ta ce miki, "Ke tafi can, ni da tsufana me zan yi da hoto?" Kada ki yi fushi, kada kuma ki ɗauke ta a sace. Ki bi ta da lallami, ki tabbatar mata hoton na gida ne, ba za ki watsa a waya duniya ta gani ba, kuma ki cika alkawari. Ki zaɓi lokacin da layi ba kowa, ko a turo motar cikin gida in da hali. Ki ce ta zauna a inda ta saba zama, a buɗe ƙofar, ki ɗauka daga waje. In Baba ya yarda ya zauna a mazauninsa ya riƙe sitiyari, to kin gama samu, kada ki ce su kalle ki, ki jefa musu tambaya kawai, misali wace tafiya ce motar ta taɓa mutuwa a daji, ki bar su su yi ta musu kina ɗauka. Wadda ta ƙi a ɗauki fuskarta, ki roƙi hannunta kawai a kan murfin ƙofa, da lallensa da zobensa. Duk ɗan da ta haifa zai gane hannun nan.

In gidanku mata biyu ne ko uku, ki yi hattara. Kowacce da nata hoton, kuma ki fara da uwargida. Zancen wa ke zama a gaba kuwa, kada ki kuskura ki tayar da shi, wutar nan ba ta mutu ba, toka ce kawai ta rufe.

Wadda motar gidansu ta riga ta tafi fa, kamar ni? Ki ɗauko tsohon hoton nan da babu Umma a ciki, ki ba ta ta riƙe, ki ɗauke ta da shi a hannu. Ta shiga ke nan, ko da a makare.

Shi kansa tsohon hoton yana da abin faɗa in kin iya karatunsa. In kika ga sitiyari a hannun dama, mai yiwuwa motar ta girmi ranar 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi. Lamba ma tana magana. Irin ta yanzu mai ɗauke da sunan jiha da kirarinta a 1992 aka kawo ta, kafin nan haruffa ne kawai kamar KN ko KD a farko. Kada ki yi mamaki in ku Katsinawa ne kika ga KD, ai sai 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, kamar yadda aka cire Jigawa daga Kano a 1991. Da irin waɗannan, da shekarun yaran da ke kan bonet, za ki iya kusantar shekarar da aka ɗauka. Sai ki juya bayansa ki rubuta da fensir, ba da biro ba, biro yakan huda ya ɓullo ta gaba. Ki sa sunan kowa, da garin, da irin motar. Kada ki kai tsohon hoto a manne shi da leda a inji, zafin yana lalata shi kuma ba ya ɓantaruwa. Ki shimfiɗa shi a inuwa ki sake ɗaukarsa da waya ba tare da fulash ba, asalin kuma a raba shi da danshi da gara. Sababbin da kika ɗauka, ki cire ko guda uku ne ki kai a wanke miki a takarda. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata, a kan sace.

In kin zauna rubutun, ki tambayi Baba nawa ya saya, a ina, wa ya koya masa tuƙi. Zai ba ki amsa da lissafi har da kwabo. Sannan ki jira ya fita, ki je ɗakin Umma, ki taya ta tsintar shinkafa ko ki matsa mata ƙafa, ki tambaye ta ita ma: ranar da aka kawo motar ina take, yaushe ta fara shiga, ina aka kai ta, da wane zani a jikinta. Ta ƙarshen ki yi ta a hankali, kamar ba da gangan ba: "Umma, wai da kuɗinki a ciki?" Mai yiwuwa ta ce ke dai kin cika surutu. Kada ki tashi, ki ci gaba da tsintar.

Duk wadda ta samu hoton, kuma iyayenta suka amince a buga, ta aiko mana da shi tare da ɗan bayani, amma a rufe lambar motar in har tana kan titi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku gaishe mini da su Umma.